Haƙƙin Magani da Rufin Asiri ga Masu Neman Jinsi da 'Yan Daudu Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar HIV: Nazari a Ma'aunin Shari'a da Dokokin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata mas'ala da ake yawan kauce wa tattaunawa a kanta a zaurukan ilimi, wato matsayin mutumin da ake dangantawa da neman jinsi ko daudu idan ya je asibiti neman gwaji ko maganin ƙwayar cutar HIV, mai haddasa ƙanjamau. An yi bayanin yadda maganin yake aiki, da abin da bincike ya gano a Abuja bayan kafa dokar hana auren jinsi ta 2014, sannan aka auna lamarin da nassosin Shari'a, da fiƙihun Malikiyya, da ƙudurorin Majalisar Fiƙihun Musulunci na 1993 da 1995. Abin da maƙalar ta tsaya a kansa shi ne, haramcin aiki ba ya zubar da haƙƙin mai aikin na samun magani da rufin asiri, kuma korar marar lafiya daga asibiti cutarwa ce da takan koma kan matarsa da 'ya'yansa.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mu ƙaddara wata ma'aikaciyar jinya Musulma ta zo wa malami da fatawa. Wani saurayi ya zo asibitin da take aiki, an gwada jininsa an sami ƙwayar cutar HIV, kuma a wajen ba shi shawara ya gaya mata cewa ta hanyar neman maza ya same ta. Tana tambaya: shin ba shi magani taimako ne a kan saɓo? Shin wajibi ne ta kai rahotonsa ga hukuma? Idan yana da mata, me za ta gaya wa matar? Irin waɗannan tambayoyi ne likitoci da ma'aikatan jinya suke fuskanta a wuraren aikinsu, kuma amsar da malami zai bayar tana iya zama sanadin rayuwar mutum ko halakarsa.

Ya kamata a fayyace iyakar maƙalar tun daga farko. Malaman mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan haramcin luwaɗi da maɗigo, ko da yake sun saɓa a kan nau'in hukuncin luwaɗi, inda Imam Abu Hanifa ya tafi a kan ta'aziri, jumhuru kuma suka tafi a kan haddi. Wannan nazari bai shiga wancan babi ba. Tambayarsa ita ce: mutumin da ya aikata abin da Shari'a ta haramta, ko aka zarge shi da aikatawa, mene ne haƙƙinsa idan ya kamu da ciwo? An zaɓi Nijeriya ne domin a nan aka sami alƙaluman da ke nuna halin da marasa lafiya suke shiga idan suka soma kallon asibiti a matsayin wurin da za a kama su.

2.0 Rukunonin da Ake Magana a Kansu

Ƙungiyoyin duniya sukan tara mutane iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya, su kira su tsirarun jinsi. Ɗalibin fiƙihu kuwa yana buƙatar rarrabewa, domin hukunci yakan bi haƙiƙanin abu.

Rukuni na farko su ne maza masu saduwa da maza. Masana lafiya sun zaɓi wannan lafazi ne saboda yana siffanta aiki kawai, kuma ya haɗa da mazan da ke da aure da 'ya'ya, waɗanda ba wanda zai gan su ya zarge su da komai.

Rukuni na biyu su ne maza masu ɗabi'un mata a magana da tafiya da sana'a, waɗanda a ƙasar Hausa ake kira 'yan daudu. An daɗe da saninsu da sana'ar abinci a kasuwanni da tashoshin mota. Daudu ɗabi'a ce ta zahiri, kuma ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba. Littattafan hadisi da fiƙihu sun san irin wannan mutum da sunan muhannasi. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kasa shi gida biyu: wanda aka halitta da wannan ɗabi'a ba tare da ya ƙirƙire ta ba, wanda babu zargi ko zunubi a kansa, da kuma wanda yake kwaikwayon mata da gangan, wanda shi ne abin zargi.

Rukuni na uku su ne mata-maza, wato hunsa, waɗanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fayyace jinsinsu ba. Wannan halitta ce daga Allah, kuma malamai sun tsara musu hukunce-hukuncen salla da aure da gado. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shaihu Halil ya san cewa da mas'alar gadon hunsa aka rufe littafin.

Abin da ya haɗa waɗannan rukunoni a bakin asibiti shi ne tsangwama. Ma'aikacin da ya ga ɗan daudu ko mata-maza yakan yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki, shi kuma mai neman maza yakan ɓoye ainihin abin da ke damunsa don tsoron tonon asiri.

3.0 Yadda Maganin Yake Aiki

Ƙwayar cutar HIV tana shiga jiki ta hanyar saduwa, ko jini, ko daga uwa zuwa jariri a lokacin goyon ciki da haihuwa da shayarwa. Tana cinye ƙwayoyin jini masu kare jiki sannu a hankali, har mutum ya kai matakin da ake kira ƙanjamau, inda tarin fuka da sauran cututtuka suke samun galaba a kansa. Mutum yana iya shekaru da dama yana ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, yana kuma yaɗa ta.

Magungunan da ake da su a yau ba sa fitar da ƙwayar daga jiki, amma suna hana ta hayayyafa. Wanda yake shan su kullum, cikin kimanin wata shida yawan ƙwayar a jininsa yakan ragu har na'urar gwaji ta kasa gano ta. Wani babban bincike da aka bayyana sakamakonsa a 2011 ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakanin abokan zama da kashi 96 cikin ɗari. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Haka nan, idan ba a ɗauki mataki ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran da iyayensu mata ke ɗauke da ƙwayar sukan kamu, amma da magani adadin yakan sauka ƙasa da kashi 5. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani nan take.

Ma'anar wannan ga mai nazarin Shari'a a fili take. Maganin mutum ɗaya riga-kafi ne ga duk wanda yake tare da shi. Idan magidanci ya guje wa gwaji don tsoro, matarsa ce za ta kamu, da kishiyarta idan yana da ita, da jaririn da za a haifa, da kuma wanda zai auri ɗayansu bayan rabuwa ko rasuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya aikata laifin komai.

4.0 Abin da Alƙaluma Suka Nuna a Nijeriya

Babban binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, jimillar masu ita kuma ta kai kimanin mutum miliyan 1.9. A tsakanin maza masu saduwa da maza kuwa, binciken da gwamnati take yi lokaci-lokaci ya sami kashi 13.5 a 2007, da 17.2 a 2010, da 22.9 a 2014, da 25 a 2020. Wato mutum ɗaya cikin huɗu, kuma adadin hawa yake yi.

A ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan dokar hana auren jinsi. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya tallafa wa ƙungiya ko taron masu neman jinsi. Dokar ba ta ambaci asibiti ba, ba ta kuma ɗora wa likita nauyin kai rahoton kowa ba. Sai dai faɗin lafazinta ya sa masu aikin lafiya suka shiga tsoron kada a ɗauki taron wayar da kai a kan cuta a matsayin taron da doka ta haramta. Jama'ar gari ma wasu sun ɗauke ta a matsayin izinin ɗaukar doka a hannu. A cikin watan nan na Janairu taron mutane suka yi wa wata kotun Shari'a a Bauchi ruwan duwatsu a lokacin da ake sauraron ƙarar waɗanda ake tuhuma da luwaɗi, har aka dakatar da zaman. A Fabrairu kuma wasu gungun mutane suka far wa mazan da suke zargi a unguwar Gishiri ta Abuja.

An yi dace wasu masana suna bibiyar lafiyar maza 707 daga wannan rukuni a wata cibiya a Abuja tun daga Maris na 2013, don haka suka sami damar gwada halin da ake ciki kafin dokar da bayanta. Sakamakon, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya nuna cewa masu tsoron neman kulawar asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari, waɗanda suka ƙaurace wa asibiti kuma daga kashi 20 zuwa 28. Binciken ya ƙara gano cewa masu ɗauke da ƙwayar da suka iya gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar halinsu sun fi samun nasarar danne ta a jininsu fiye da waɗanda suka ɓoye.

An ga makamancin haka a Senegal, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. A Disamban 2008 aka kama mutum tara masu aikin wayar da kai a kan ƙanjamau a Dakar, aka yanke musu ɗaurin shekara takwas a Janairun 2009, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Afrilu. A tsakanin wannan lokaci ƙungiyoyi suka dakatar da ayyukansu, marasa lafiya da dama suka ɓuya suka daina zuwa karɓar magani.

5.0 Matsayin Shari'a

5.1 Alfarmar Rai Ba Ta Faɗuwa da Saɓo

Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta tabbatar da karramawar Allah ga 'ya'yan Adamu baki ɗaya, aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuma ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane duka. Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa kare rai da kare zuriya a cikin larurorin nan biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, kuma maganin HIV yana hidima ga duka biyun a lokaci ɗaya.

Ayyukan Annabi (SAW) sun nuna yadda ake mu'amala da mai saɓo. Buhari ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Muslim ya ruwaito labarin matar nan Bagamidiya da ta amsa laifin zina da bakinta, aka jinkirta mata hukunci har ta haihu ta yaye ɗanta, aka kuma tsawatar wa Halidu ɗan Walidu a kan zaginta. Aya ta 8 ta Suratul Insani ta yabi masu ciyar da fursunan yaƙi, alhali shi abokin gaba ne da ya ɗauki makami.

Fiƙihun Malikiyya ya bi wannan hanya. Ibnu Abi Zaidin ya ambata a Risala cewa ba a tsayar wa mai ciki haddi sai ta haihu, haka shi ma wanda ciwo ya yi wa nauyi sai ya warke. Idan wanda laifinsa ya tabbata a gaban alƙali ana jiran lafiyarsa, to ta wace hanya za a hana magani ga wanda ba a taɓa gurfanar da shi ba? Mai karatu yana iya tuna maganar malamai a babin taimama game da rai marar alfarma. Wannan siffa ba ta tabbata a kan Musulmi sai da hukuncin alƙali, kuma masu sharhin Muhtasar sun bayyana cewa ko wanda aka yanke wa hukuncin kisa ba a azabtar da shi da ƙishirwa. Hana magani ba ya cikin haddodi, ba kuma a san shi a cikin nau'o'in ta'aziri ba.

5.2 Ciwo Ba Ya Zama Shaida

Shari'a ta tsaurara hanyar tabbatar da laifin alfasha: shaidu huɗu adalai da suka gani da ido, ko iƙirarin mai laifi wanda yake da damar janyewa. Sakamakon gwajin jini ba ya nuna ta inda ƙwayar ta shigo. Mai ita yana iya samunta daga ƙarin jini, ko allura, ko abokin aure, ko nonon uwa. Tafiyar mutum ko muryarsa ma ba shaida ba ce. A mazhabar Maliku, wanda ya jefi wani da luwaɗi ba tare da shaidu ba ya yi ƙazafi, hukuncinsa kuma bulala tamanin, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nuri ta tanada a kan ƙazafin zina. Ma'aikacin asibitin da ya nuna marar lafiya ya kira shi da wannan suna a gaban mutane ya jefa kansa cikin babban zunubi, alhali yana zaton kishin addini yake yi.

Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane. Imam Gazali, a babin hisba na Ihya'u, ya shardanta cewa abin ƙin da za a hana ya kasance bayyananne ba tare da leƙen asiri ba. A cikin Muwaɗɗa kuma an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nuna wa Hazzalu, wanda ya shawarci Ma'izu da ya je ya kai kansa, cewa da ya suturta shi da ya fi masa alheri. Tsayar da haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa, don haka abin da masu jifa suka yi a Bauchi da masu duka a Gishiri ba shi da madogara a Shari'a.

5.3 Sirrin Likita da Haƙƙin Matar Aure

Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai a watan Yunin 1993, ta fitar da ƙuduri mai lamba 79 a kan sirri a aikin likita. Ƙudurin ya tabbatar da cewa sirri amana ne, tona shi haramun ne a asali, kuma wajibcin riƙe shi ya fi ƙarfi a kan masu aikin lafiya, domin in babu shi amincewar da ke tsakanin marar lafiya da mai magani za ta rushe. An yi togaciya ga inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, da sharaɗin a tsaya gwargwadon buƙata. A wannan zama ne kuma aka fitar da ƙuduri mai lamba 82, wanda ya wajabta wa ma'auracin da ya kamu da cutar ya sanar da abokin aurensa, ya kuma ba da haɗin kai wajen matakan kariya. A Afrilun 1995, a Abu Dabi, ƙuduri mai lamba 90 ya bayyana cewa killace masu cutar ba wajibi ba ne tun da ba a ɗaukar ta ta cuɗanya ta yau da kullum, ya haramta yaɗa ta da gangan tare da tanadin uƙuba, ya kuma ba mace damar neman rabuwa da mijin da ya kamu.

Daga nan amsar ma'aikaciyar jinyar nan ta fito. Matar marar lafiyan tana da haƙƙin sanin cewa mijinta yana ɗauke da ƙwayar, domin ta gwada kanta ta kare jikinta da cikinta. Mijin ne ya kamata ya fara gaya mata, a kuma taimaka masa a kan haka; idan ya ƙi, a bi hanyar da ƙa'idojin aikin lafiya suka shimfiɗa. Amma hanyar da ya kamu ba ta cikin abin da kare lafiyarta ya dogara a kansa, don haka tana nan a ƙarƙashin asalin haramcin tonawa. Abin da aka halatta don larura ana auna shi ne da gwargwadon larurar.

6.0 Dokoki da Yarjejeniyoyi

Sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, wadda Nijeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983, ya ba kowane mutum haƙƙin lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan marar lafiya, ta kuma hana ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Dokar hana wariya ga masu HIV ta wannan shekara ta haramta nuna musu bambanci a asibiti da wurin aiki da makaranta. Ita ma dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta haɗa wajabta gwaji da hana tsangwamar masu ɗauke da cutar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta ware wani saboda hanyar da ya kamu. Sanarwar Alƙahira kan Haƙƙin Ɗan Adam a Musulunci ta 1990, wadda ta ɗaure dukkan sassanta da Shari'a, ta tabbatar da haƙƙin kulawar likita a sashe na 17, da hana leƙen asiri a sashe na 18.

Gaskiya ne akwai saɓani na asali tsakanin fiƙihu da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi, waɗanda suke neman a soke dokokin da suka haramta neman jinsi gaba ɗaya. Wannan saɓani bai kamata a ɓoye shi ba. Amma a kan haƙƙin gwaji da magani da sirri da kariya daga duka, ɓangarorin biyu sun haɗu, kowa daga mafarinsa. Ko a Yuganda, inda Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da mafi yawan dokar hana luwaɗi ta 2023, a hukuncinta na Afrilun 2024 ta soke sashen da ya tilasta kai rahoton wanda ake zargi, saboda ya ci karo da haƙƙin lafiya da na sirri.

7.0 Shubuhohi Uku

Ta farko: cewa magani taimako ne a kan saɓo, wanda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana. Amsa ita ce, abin da likita yake taimakawa a kai shi ne wanzuwar rai, kuma ba a taɓa jin malamin da ya hana ɗinke raunin ɓarawo ko jinyar hantar mashayi ba. Wanda ya rayu ne ƙofar tuba take buɗe masa. Inda malamai suka saɓa shi ne raba kwaroron roba da maganin riga-kafi ga marasa aure: wasu suna ganin buɗe ƙofar ɓarna ne, wasu kuma suna ganin ɗaukar mafi sauƙin cutarwa ne don tunkuɗe mafi girma. Da irin wannan ƙa'ida ta biyu ce shugaban ma'aikatar shari'a ta Iran, Ayatullahi Shahrudi, ya umarci alƙalai a 2005 da kada su hana shirin ba masu shan ƙwaya allurai masu tsabta. Wannan saɓani bai shafi gwaji da magani ba.

Ta biyu: cewa ciwon azaba ce, don haka a bar mai shi da abin da ya shuka. Hadisin da Ibnu Maja ya ruwaito ya danganta bayyanar alfasha da bayyanar sababbin cututtuka, amma gargaɗi ne ga al'umma, bai zama hukunci a kan wani mutum ayyananne ba. Annobar Amwasa ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabalu. Jaririn da aka haifa da HIV bai aikata komai ba. Ko da an ƙaddara ciwon wani sakamakon zunubinsa ne, umarnin neman magani da gaida marar lafiya ya zo a game, babu togaciya.

Ta uku: cewa waɗannan shirye-shirye manufar baƙi ce. Tabbas kaso mai yawa na kuɗin maganin HIV a Nijeriya ya daɗe yana fitowa daga waje, musamman shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003 da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, cibiyoyin da ke kula da waɗannan rukunoni suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Marasa lafiyan kuwa 'ya'yanmu ne, kuma a asibitocinmu na gwamnati da na ƙungiyoyin addini za su ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ba ya son baƙo ya kula da ɗansa da sharuɗɗan baƙo, sai ya shirya kula da shi da kansa.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Shari'a ta ba alƙali aikinsa da sharuɗɗansa masu tsauri, ta ba mai wa'azi nasa, ta kuma ba likita nasa, wanda shi ne magani da riƙon amana. Idan likita ya ɗauki aikin alƙali, marar lafiya zai gudu, ƙwayar kuma ta ci gaba da yawo a gidajen aure. Alƙaluman Abuja sun nuna cewa tsoro kaɗai ya isa ya haifar da haka, ko da doka ba ta rufe asibiti ba.

Bisa ga wannan, ana ba da shawara ga sassan nazarin addinin Musulunci su sanya ƙudurori masu lamba 79 da 82 da 90 a cikin darussan fiƙihun zamani. Limamai su riƙa bayyana wa jama'a cewa gwaji da magani haƙƙin kowa ne, ƙazafi da dukan wanda ake zargi kuma haramun ne. Hukumomin hisba su nisanci neman bayanai daga asibitoci ko tsare ƙofofinsu. Asibitocin ƙungiyoyin Musulunci su horar da ma'aikatansu a kan karɓar kowane marar lafiya cikin mutunci. Ita kuwa ma'aikaciyar jinyar da ta kawo fatawa, sai a ce mata ta ba saurayin maganinsa, ta riƙe sirrinsa, ta taimaka masa ya sanar da matarsa halin lafiyarsa, idan kuma ta ga zai karɓi nasiha ta yi masa ita a keɓe cikin tausasawa, ba tare da ta mayar da ita sharaɗin magani ba. Allah ne mafi sani.